Dosiyen Baba da Hannun Mahamud

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Yau ku yi mini uzurin doguwar gaisuwa. Leɓena a kumbure yake, idona na hagu bai gama buɗewa ba, kuma abin da zan faɗa muku ba abin alfahari ba ne. Masu zagina a ƙasan rubutu, yau kun samu aikin yi, ba zan goge ko ɗaya ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Zakiyya, shekarata ashirin da huɗu. Ni 'yar Malam Garba baduku ce, a Birni cikin Damagaram. Bara na gama lisans, wato digiri, a fannin ordinater, wato kwamfuta. Ina da wa ɗaya, Yaya Nasiru, ina da saurayi, Mahamud, kuma gobe Juma'a aka tsayar manyansa za su zo neman aurena. Wata takwas ni da Inna muka yi muna lallashin Baba kafin ya ce su zo.

Dalilin jan ƙafar Baba ba ɓoyayye ba ne. Mahamud ɗan Alhaji Mai Nasara ne, shi ma baduku, lungu uku ne tsakanin gidajenmu. Tun kafin a haife ni gidajen biyu ba sa ga maciji da juna. Wai kakan Mahamud ya taɓa leƙen zanen wani alabe na kakanmu, ya kwaikwaya, ya riga shi kaiwa kasuwa. Duk wanda zai ba da shaida ya daɗe a kushewa, amma Gwaggo Kaltuma, ƙanwar Baba da ke zaune gidanmu tun rasuwar mijinta, kullum sai ta yayyafa wa maganar ruwa don kada ta bushe.

Daminar bara ɗakin ajiyar Baba ya rufta. A cikinsa zanen gidanmu yake gaba ɗaya, wanda aka yanka a kwali da tsohuwar fata tun zamanin kakanni: na jaka, na alabe, na takalma, na kuben wuƙa. Laka ta cinye su. Abin da ya cece mu, wata biyu kafin nan Yaya Nasiru ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗauki hotonsu, ɗari shida da 'yan kai, ya zuba a ordinater ɗinsa cikin dosiye guda, wato jakar ajiya ta cikin na'ura, mai suna "Shagon Baba". Idon Baba ya yi rauni, ba zai iya sake zana su da ka ba. Wannan dosiyen shi ne gadonmu, babu wani a ko'ina.

Dole in yi wa Yaya adalci. Yana son Baba kamar ransa. Amma ya yi shekaru a fada, wato majalisar samari, ta 'yan ɗaga ƙarfe, masu haɗa siminti da ƙarfen mota su wuni suna ɗagawa, da yamma su nemi wanda za su gwada ƙwanji a kansa. Ya tuba ya dawo shago, sai dai har yau hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ina da haƙori guda a gutsire tun ina 'yar sha biyar, don na ɗauki portabul ɗinsa, wato wayarsa, ban tambaya ba. Ranar da ya ara mini ordinater, sai da ya riƙe shi ta gefe ɗaya ina riƙe da ɗayan, ya ce:

"Ki yi aikinki. Amma dosiyen Baba, in ya motsa daga inda yake, wallahi sai na karya hannun da ya taɓa shi."

Na ce to, Yaya. Da gaske nake a lokacin.

Aikin da nake yi sit ne, wato shafin intanet, na shagonmu, don mutanen Yamai da Agadas da Kano su ga kaya a waya su aiko a ɗinka musu. Don kada in yi ta ninka hotuna, sai na gina sit ɗin a cikin dosiyen Baba, yana ɗaukar hotunan daga nan. Na ɗauka wayo na yi.

Matsalar ita ce nawa, sit ɗin ba ya sauri. In na gyara layi ɗaya na danna in ga shafi, sai ƙaramin zoben nan ya yi ta juyawa har in tashi in juya miya in dawo. Wani lokaci ma gyaran ba ya fitowa sai na kashe komai na kunna. Sati uku ina wannan fama, na ƙi gaya wa Mahamud saboda girman kai, alhali shi shekararsa biyar yana wannan aiki.

Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ya zo zance. Na sa atamfata mai ruwan zuma da kore, riga da zane, na yafa mayafi ruwan ƙasa, na shafa humrar Inna a ɓoye. Shi kuma farar shadda, da ƙunshin kilishi a hannu. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na shiga na ɗauko ordinater, na ajiye a gabansa kamar mai kawo ƙara.

"Danna in gani," ya ce.

Na danna. Ya kafa wa agogonsa ido.

"Sakan arba'in da bakwai. Ranki ya daɗe, ai a wannan lokacin na je Kasuwar Dole na dawo."

"Ci gaba da dariya. Ni zuwa Juma'a nake son ya gama, in nuna wa Baba a gaban manyanku."

"A ina kika ajiye aikin?"

"A Dokiman, inda kowa ke ajiyewa."

"To ga ciwon nan."

Bari in fayyace muku yadda ya fayyace mini, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane yadda jini ya zuba a kansa ba. Ordinater ɗin Yaya da Windows yake aiki. A cikin Windows ɗin akwai Linux, ta wata hanya da ake kira WSL, kamar ɗan haya mai ɗakinsa a cikin gidan wani. Docker kuma, wanda ke ƙunshe sit da duk abin da yake buƙata a akwati guda don ya yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura, a ɗakin ɗan hayar yake zaune. Ni kuma na bar kayan aikin a tsakar gidan Windows. Duk sanda zan buɗe shafi, sai Docker ya aika a kawo masa dubban ƙananan fishiye, wato fayil-fayil, kowanne ya bi ta ƙofa ɗaya tilo da ke tsakani, ƙofar da ta fi lungun gidanmu matsi.

"Maganin ba wuya," in ji Mahamud. "Ki kai aikin cikin ɗakin Linux, kusa da Docker, a daina zirga-zirga. Amma kopiye za ki yi. Na asali ki bar shi inda yake, tunda ba naki ba ne ke kaɗai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai ɗan wannan."

Ya ciro kile, ɗan ƙarfen nan na ajiyar bayanai, daga aljihu ya soka a gefen ordinater, ya zuba mini wani ɗan fishiye mai layi uku da ke ƙayyade wa Linux rabonsa na memuwa, don kada ya shanye ƙarfin na'urar duka. Daidai lokacin Gwaggo Kaltuma ta ratso zauren da buta a hannu. Mahamud ya rusuna ya gaishe ta. Ta amsa da hanci, idonta a kan kilen, ta wuce.

Lahadi da hantsi, bayan na gama shara, na zauna na fara kopiye. Ya wuce rabi sai ya tsaya, wai babu wuri. Na duba, ashe Yaya ya cika ordinater da bidiyon kokowa, na shekara wajen shida. Goge masa su kuwa, gara in sa hannu a murhu. Na rubuta wa Mahamud:

"Wuri ya ƙare. Ya zan yi?"

Alama ɗaya, saƙon bai shiga ba. Sai na tuna ya raka Alhajinsu garin Durum sayen fata, can kuma rezon waya sai an hau tudu. Na jira minti ashirin, na kasa. Ni ba ni da haƙuri, Inna ta sha faɗa mini. Na ce a raina, ai ba gogewa zan yi ba, matsarwa ce kawai, gobe ko jibi in ari babban kile wurin ƙawata Ramlatu in mayar da komai mazauninsa, wa zai sani? Maimakon kopiye sai na yi kupe. Na kwashe dosiyen Baba kacokan, da hotuna da komai, na kai shi ɗakin Linux, inda wanda bai san hanya ba ba zai taɓa ganinsa ba.

Na danna. Kafin in ɗage yatsa shafin ya buɗe. Na canja launin rubutu, nan take ya canja. Jama'a, rawa na taka ni kaɗai a ɗaki, ɗankwali a ƙasa. Da yamma Mahamud ya samu rezo.

"Ya gudu?"

"Ko sakan ɗaya bai kai ba."

"Alhamdulillahi. Kin bar na asalin ko?"

Na tura masa zuciya ja guda uku. Ban amsa tambayar ba, shi ma bai sake yi ba.

Litinin Ramlatu ba ta gari. Talata da misalin ƙarfe goma ina wanke-wanke a gindin rijiya, Yaya Nasiru ya shigo da sauri daga shago, gudumar katakon da ake buga fata da ita na soke a ɗamararsa. Wani baƙo ne daga Agadas yake son kube irin na da, zai nuna masa zane. Ya shiga ɗakina ya ɗauko ordinater ya zauna a bakin ƙofa. Na ci gaba da cuɗa tukunya ɗaya da ta riga ta fita.

"Zakiyya."

A hankali ya kira. Duk gidanmu mun san in Yaya ya yi ihu da sauƙi, in ya sassauta murya ne ake gudu. Na taso hannuna da kumfa.

"Ina dosiyen Baba?"

Na buɗe baki ke nan ya miƙe. Ban ga hannun ba, sai dai na ji ni a ƙasa, kaina ya bugi bakin turmi, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Ya damƙi wuyan rigata ya ɗaga ni har ƙafata ta bar ƙasa, ya haɗa ni da bango. Inna ta fito daga madafa a guje tana salati, ta riƙe masa hannu. Bai ture ta ba, amma bai sake ni ba.

"Zan tambaye ki sau ɗaya. Ke kika taɓa shi?"

Da ɗayan hannun ya kama wuyan hannuna na dama ya murɗa, har na ji ƙashin yana shirin barin wurinsa. Na ga gudumar a ƙugunsa. Na tuna rantsuwarsa.

Ga abin da na zo faɗa muku yau. Ordinater na nan a buɗe, taku biyu daga inda nake. Da na ce sake ni in nuna maka, da an gama. Da na sha mari biyu ko uku, wataƙila da targaɗe, da yanzu ina ba ku labarin ina dariya. Amma tsoro ya shige mini ciki har ƙashi, na ji bakina yana cewa:

"Ban sani ba, Yaya. Ban taɓa ba."

"To wa ya taɓa?"

Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina na biyu, domin a cikinsa Gwaggo Kaltuma ta samu wurin sa baki. Tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni dai ran Asabar na ga ɗan gidan Mai Nasara ya soka wani ɗan ƙarfe a jikin abin nan. Ban san me ya zuƙa ba. Amma jini ai ba ya ƙarya, kakansa ma da ido ya sata."

Yaya ya sake ni na zube. Ya dube ni.

"Haka ne? Ya sa kile?"

"Ya sa, amma..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki portabul ɗina daga kan taga ya jefa a aljihu, ya cire hannun Inna daga rigarsa a hankali kamar mai cire ƙaya, ya fita. Muka ji ya ja ƙofar zaure ya datse ta da kwaɗo ta waje.

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce Inna ni ce, ni na matsar da su, suna nan. Inna ta dube ni, ta ɗora hannu biyu a ka. Na yi ta dukan ƙofa ba mai ji, Baba yana shago, maƙwabta maza duk sun fita. Na zagaya bayan gida inda ɗakin ajiya ya rufta, na taka tulin ƙasar na haye katanga, na diro a lungu ba takalmi, ba mayafi, jini a gaban rigata. Yashin Birni da rana ta hantse wuta ne, amma ban ji shi ba sai da dare ya yi na ga tafin ƙafata.

Mahamud yakan yi aikinsa na safe a dakalin ƙofar gidansu, ƙarƙashin dogon yaro. Tun daga kan kwana na jiyo hayaniya. Da na ɓullo na ga mata a bakin ƙofofi, na ga ordinater ɗin Mahamud a kife cikin yashi. Yaya ya biya ta fada ya ɗauko Ɗanƙarami, tsohon abokinsa, wanda sunan kawai ne ƙarami, ƙato ne da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ɗanƙarami ya durƙusar da Mahamud, ya danne masa wuya da gwiwa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakalin siminti. Hancin Mahamud na zubar da jini. Kilen na yashe kusa da ƙafar Yaya, an tattake shi.

Ina jin Mahamud yana cewa, "Nasiru, ka saurare ni. Ba abin da na ɗauka. Ka kira ta ta nuna maka."

"Na tambaye ta ai. Yanzu kai nake tambaya."

Ban san ko Mahamud ya ji wannan ba, domin tare da maganar gudumar ta sauka. Ƙarar kamar an taka busasshen karan dawa. Bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ina gudu ina kiran Yaya, muryata ta ƙi fita. Ta biyu ta sauka. Da ya ɗaga ta uku na faɗa kansa na rungume hannun, ya yarfar da ni ba tare da ya duba ko wace ce ba, gwiwar hannunsa ta same ni a ido, na faɗi a kan dakalin, fuskata kusa da hannun Mahamud. Yatsun sun karkace ta inda yatsu ba sa karkacewa, farce ɗaya ya fita, jini yana bin tsagar siminti.

"Ni ce," na ce. "Yaya, ni ce. Ni na matsar da su. Suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba."

Gudumar ta tsaya a sama. Yaya ya dube ni kamar bai san ni ba, sannan hannunsa ya sauko a hankali, ta suɓuce ta faɗi. Ɗanƙarami ya ɗage gwiwarsa ya ja da baya. Sai ga ƙannen Alhaji Mai Nasara biyu sun fito daga shagonsu da wuƙaƙen yankan fata, ɗaya ya kai wa Yaya sara ya tsarge masa kafaɗa, Yaya ko karewa bai yi ba. Ba don limamin unguwa ya shiga tsakani da sandarsa ba, da gawa aka ɗauka a lungun nan. Aka naɗe hannun Mahamud da rawani, aka ɗora shi a moto, wato babur, zuwa gidan likita. Kafin su tashi ya dube ni sau ɗaya, ban iya karanta abin da ke idonsa ba.

A gida na tarar an kira Baba, an fasa kwaɗon. Yana zaune a kujerarsa ta tsakar gida. Bai tambayi jinin da ke jikina ba, cewa ya yi, "Nuna mini." Na durƙusa na jawo ordinater, na rubuta hanyar ɗakin Linux, dosiyen ya buɗe. Na ƙirga a raina, sakan tara. Baba ya kawo fuskarsa dab da gilashin yana bin hotunan da yatsa, har ya kai kan alaben kakanmu, ya daɗe a nan.

Sannan ya tashi ya ɗauko tsumagiyar ɗanyar fata da ke rataye a rumfa. Ya ce Yaya Nasiru, da ya biyo ni gida, ya cire riga. Mutum mai shekara talatin da ɗaya, mai ɗaga buhun gero da hannu guda, ya tsaya ya dafa bango, tsoho mai raunin ido yana zabga masa har fatar bayansa ta fashe, kafaɗarsa na zubar jini, bai motsa ba. Sai da hannun Baba ya gaji ya yar da tsumagiyar. Na matso na durƙusa ina jiran rabona. Ya dube ni ya ce, "Ke ba ni da abin ce miki." Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo Kaltuma daga kan tabarmarta ta ce ita dai abin da ta gani ta faɗa. 

Bayan la'asar Baba ya sa babbar riga ya tafi gidan Alhaji Mai Nasara, ƙofar da rabonsa da ita shekara talatin. A tsaye aka karɓe shi. Yatsu uku sun karye, da ƙasusuwan bayan hannu, likita ya ce manuniya ba lallai ta sake lanƙwasuwa ba. Mutumin da da yatsunsa yake ci. Alhaji ya ce shi da son ransa ne da tuni Nasiru yana komisariya a hannun 'yan sanda, amma Mahamud ya ce a dakata. Maganar ƙara da maganar Juma'a duk ya bar su a hannun mai ciwon.

Laraba ba labari. Baba ya mayar mini da portabul, na rubuta sannu ya fi sau goma, na yi vokal, wato saƙon murya, na goge, ba amsa. Yau Alhamis bayan azahar ina kwance Inna na gasa mini ido da ruwan ɗumi, sai ga mesaj. Da ganin rubutun da hannun hagu aka yi shi.

"zakiya abu daya zan tambaya. kafin ya fito gida ya tambaye ki ko bai tambaya ba. in bai tambaya ba haukarsa ce shi kadai, ba ruwanki, gobe za mu zo"

Ashe bai ji maganar Yaya a dakalin ba. Na karanta wa Inna. Ta matse tsumman ta ajiye, ta fita. Can sai na ji taku a bakin ƙofa. Yaya Nasiru ne, ba riga, bayansa duk man kaɗanya, kafaɗa a ɗaure. Tun Talata bai dube ni ba. Yanzu ma labule yake kallo.

"Inna ta gaya mini," ya ce. "Ki ce ban tambaye ki ba."

"Yaya, ka tambaye ni."

"Na sani. Ki ce ban tambaya ba. Ni na buga, ni zan ɗauka. In komisariya ce in je. Ni da Inna da Gwaggo kaɗai muka ji, kuma na yi wa Gwaggo magana, ba za ta buɗe baki ba." Ya ƙara da cewa, "Da ban sa miki tsorona haka ba, da kin faɗa mini."

Tunda nake ban taɓa jin Yaya ya ba wani haƙuri ba, wannan ce iyakar inda zai iya kaiwa. Ya juya ya tafi. Inna ta leƙo ta ce, "'Yar nan, wanki ya ba ki hanya. Kalma ɗaya ce, ki rufa wa kanki asiri."

Na rubuta "A'a". Na daɗe ina kallonta. Ina son Mahamud, jama'a, ina son shi har ina jin ciwon a ƙirjina, kuma kalmar nan kaɗai ta isa ta kawo mini shi gobe. Sai na ga kaina bayan shekara biyar ina zuba masa ruwa yana wanke hannun nan mai sandararren yatsa, yana ce mini sannu. Na goge. Na rubuta:

"Ya tambaye ni. Ya riƙe hannuna zai karya, na ji tsoro, na ce ban sani ba. Gwaggo ta ambaci sunanka, na yi shiru. Hannuna ya yi rantsuwa a kai, naka ya samu."

Na tura kafin in sake tunani. Alamun suka yi shuɗi nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na san da hannu ɗaya yake yi, amma wannan tsayawar ba ta hannu ba ce. Har aka kira la'asar sannan amsarsa ta shigo.

"da karya kika min da gobe mun zo ina murna. yanzu ban san yadda zan yi da gaskiyar ba. ki bar ni zuwa safe"

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ban ƙara masa ko harafi ba.

Ɗazu Inna ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ga fuskata, ta gane abin da na tura, ba ta yi faɗa ba. Ta ce Baba yana tambaya, a share zaure a shimfiɗa dardumar baƙi, ko a bari?

Na tashi na karɓi tsintsiyar. Na ce ni zan share.